Kwana uku ina jiran ƙura ta kwanta kafin mu tashi zuwa Sokoto

Kwana uku cur na yi ina zuwa da jakata da taswira da komai a shirye, sannan in koma ɗaki ban ko kunna injin jirgi ba. Lokacin ina ɗalibi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964, an zo gaɓar da za mu fara doguwar tafiya daga gari zuwa gari, ni kuma aka rubuta min Sokoto tare da malamina. Tsakiyar Janairu ne, hunturu ya kankama, irin sanyin nan da leɓe ke tsagewa kuma duk abin da ka taɓa sai ka ji ƙura a yatsa. Abin da ya tuno min da labarin shi ne kawuna da ya kira ni satin da ya wuce yana ta faɗa, wai an zaunar da su awa huɗu a filin jirgi alhali ko ɗigon ruwa babu, ba hadari ba tsawa, ga rana ma ta fito, yace kawai rainin hankali ne. Na yi ta masa bayani a waya bai gamsu ba, shi ne nace bari in zauna in rubuta yadda abin yake daga ciki, tunda ni na bi ta wannan layin da ƙafata.

Ranar farko ina idar da sallar asuba na nufi ofishin yanayi, domin doka ce, kafin ka doshi jirgi sai ka karɓo bayanin yanayin inda kake da hanyar da za ka bi da inda za ka sauka, har da filin da za ka juya in can ɗin ya ƙi. Ma'aikatan NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, su ne ke wannan aikin a filayen jirgin Najeriya. Aka miƙo min takarda, na kai wa malamina Kyaftin yana zaune da kofin shayinsa, ko karɓa bai yi ba yace karanta min na Sokoto da ƙarfi ina ji. Layin yana nan a littafina na rubuta shi:

DNSO 140600Z 06012KT 0800 DU NSC 15/M01 Q1016

Wannan shi ake kira METAR, rahoton abin da ake ciki a filin a daidai wannan lokacin, ba hasashe ba ne, abin da aka auna ne aka gani. DNSO sunan filin jirgin Sultan Abubakar III ne na Sokoto a harshen jirage, kamar yadda Kano take DNKN, Zariya DNZA, Abuja DNAA. 14 ɗin ranar wata ce, 0600 kuma lokaci, amma wannan Z ɗin da ke ƙarshe ita ke rikita sabon shiga, don agogon jirage na duniya guda ɗaya ne kuma mu a Najeriya muna gabansa da awa ɗaya, kenan 0600 ɗin ƙarfe bakwai ne na safe a wurinmu. 06012KT iska ce, tana fitowa daga digiri 60 wato arewa maso gabas, da gudun not 12, not ɗin shi ne ma'aunin gudu a harshen jirage. DU ƙura, NSC babu wani gajimare na a zo a gani, zafi 15, sai M01 ɗin da ke nuna iskar ta bushe ƙarau, wanda duk mai fasau a diddige ya riga ya sani ba sai an gaya masa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina jin daɗin na iya, sai Kyaftin yace ka tsallake wanda ya fi kowanne, koma. Na koma, 0800. Yace mene ne, nace yallaɓai nisan gani ne, mita 800. Yace to mu da wane irin tashi za mu yi, nace na gani da ido. Yace nawa doka ta ce, nace kilomita 5. Ya kurɓi shayinsa yace to ka ba kanka amsa, je ka yi karatu.

A nan ne mutane irin kawuna ba su gane ba. Tashi iri biyu ne, akwai wanda matuƙi ke tafiya yana kallon ƙasa da sararin gabansa, titi da kogi da gari su ne alamominsa, akwai kuma wanda yake dogara da na'urorin gabansa kaɗai ko da ba ya ganin komai a waje. Manyan jiragen fasinja na biyun suke yi, amma su ma a ƙarshe sai ido ya ga titi kafin taya ta taɓa ƙasa. Filin da ke da na'urar ILS matakin farko, wadda ke jawo jirgi a kan layi har kusa da bakin titi, tana sauko da kai ne zuwa ƙafa 200 sama da ƙasa, in ka kai nan ba ka hango fitilu ko titi ba dole ka ƙara wuta ka koma sama, kuma ana so gani a kan titin ya kai mita 550. In na'urar ba ta aiki ko filin ba shi da ita to adadin da ake buƙata ya haura haka sosai. Jirgin da ke saukowa da gudun fiye da kilomita 240 a awa, mita 800 a wurinsa daƙiƙa goma sha biyu ne kacal. Kai da ke zaune a ɗakin jira kana hango motoci a waje kana cewa ai gari garau yake, mita 300 kawai kake gani. A Fabrairun 2020 ma ai Legas kanta da ke bakin teku sai da hazo ya sa aka dinga karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Accra, ballantana mu da muke bakin hamada.

Rana ta biyu ita ta fi min ciwo, don Zariya ta washe, ina tsaye ina hango dutsen Kufena, zuciyata ta gama ba ni cewa yau kam sai Sokoto. Rahoton safe ya nuna mita 3000 a can, na ce a raina ai kafin mu isa rana ta ɗaga ya kai 5000. Na je da ƙwarin gwiwa har da lissafin mai na gama. Kyaftin yace ina TAF, wato hasashen awannin da ke tafe. A ciki akwai kalmar TEMPO, ma'ana lokaci lokaci abin zai dinga sauka, an rubuta mita 1500 tsakanin ƙarfe goma da biyu na rana, daidai lokacin da za mu isa kenan. Nace yallaɓai ai na saka Birnin Kebbi a matsayin inda za mu juya. Ya kalle ni ya jawo taswira ya ɗora yatsa ɗaya a Sokoto ɗaya a Birnin Kebbi yace ƙurar da ta rufe wannan, wa ya gaya maka za ta tsaya a kan iyakar jiha? Filin juyawa sai wanda yake wajen matsalar, in duka biyun suna cikin buji ɗaya to ba ka da filin juyawa, suna kawai ka rubuta a takarda. Sannan ya kawo karin maganar nan da tun ranar na daina jin ta a matsayin ta rawa, yace da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Raina bai so ba wallahi, abokaina biyu da aka ba wata hanyar sun tashi ina kallonsu. Da na rasa abin yi sai na koma ofishin yanayin na zauna wurin mai hasashen, wani bawan Allah mai haƙuri, nace malam don Allah ta yaya kuke sanin ƙura za ta ƙaru alhali yanzu tana raguwa. Ya juyo min da kwamfutarsa ya nuna min hoton tauraron ɗan'adam, ga wani farin abu kamar hayaƙi ya taso daga arewacin Chadi ya miƙo kudu maso yamma. Yace ka ga nan, kwarin Bodele kenan, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ƙasar wurin laushi gare ta kamar garin alabo, in iska mai ƙarfi ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi sai ta kwashe ta ta yi sama da ita. Yace mu ba Sokoto muke fara kallo ba, rahoton Faya-Largeau muke dubawa da na Bilma da Agadez da Nguigmi, in muka ga gani ya faɗi a can kuma iska ta yi ƙarfi to mun san nan da kwana ɗaya zuwa biyu baƙuwa na tafe, ta fara da Maiduguri da Nguru ta bi Kano da Katsina har Sokoto. Ni da na tashi ina jin ana cewa hazo ya sauko kamar daga sama yake faɗowa haka kawai, ranar na san cewa ƙurar da nake sharewa a kan littafina ƙasar Chadi ce ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu.

Rana ta uku ma haka, 2000, ba a ma tsaya dogon zance ba. Sai ta huɗu, na karɓi takarda na ga 6000 HZ, hazo ne amma mara kauri, hasashen kuma ya ce zai kai 8000 da hantsi kuma babu TEMPO ko ɗaya sai can bayan la'asar. Kano da Katsina duk sun buɗe, Zariya kanta garau, kenan in abu ya ɓaci muna da inda za mu koma na gaskiya. Kyaftin ya karanta da kansa wannan karon yace to yanzu je ka kawo min labarin titi.

Labarin titi wani ofishi ne daban, na ma'aikatan NAMA masu kula da sararin sama, su ke riƙe da abin da ake kira NOTAM, sanarwa ce ga matuƙa a kan duk wani abu da ya canza a fili ko a hanya. An rufe titi, ana gyara a wani ɓangare, wata fitila ba ta aiki, wata na'ura an kashe ta don gyara, sojoji na atisaye a wani yanki kada a bi, duk a nan za ka gani. Lokacin da aka rufe titin Abuja sati shida a 2017 aka maida jirage Kaduna, ta wannan hanyar matuƙan duniya suka samu a rubuce, haka da aka hana shawagi a sararin Zamfara a Maris 2021, wanda mu tafiyarmu ta riga shi. Rubutun NOTAM gajerun kalmomi ne cunkus da manyan baƙaƙe, shafi biyu uku, kuma abin da zai cece ka yana iya maƙalewa a layi na ashirin tsakanin abubuwan da ba su shafe ka ba, shi ya sa Kyaftin ke sa mu bi da biro muna ja wa kowanne layi. Na ranar babu wani abin tashin hankali, ana yankan ciyawa a gefen titi sai gargaɗin tsuntsaye, wanda da rani ba wasa ba ne don shirwa na son filin jirgi musamman in an ƙona ciyawa a kusa.

Sai littafin filaye, inda na kwafo abin da ba ya canzawa. Sokoto titi ɗaya gare ta, 08/26, tsawonsa mita 3000, filin kuma yana sama da teku da ƙafa dubu da 'yan kai. Waɗannan lambobin da ake rubutawa da farin fenti a bakin titi ba lambar gida ba ce, kamfas ne aka cire sifirin ƙarshe. 08 na nufin in ka hau ta wannan bakin hancinka na kallon digiri 80, kusan gabas sak, in ka zagayo ta ɗaya bakin kuma 26 ne, digiri 260, yamma. Jirgi kuma iska yake so ta bugo shi ta gaba wurin tashi da sauka, don haka da hunturu da iska ke zuwa daga arewa maso gabas 08 za ka sa rai, da damina in ta juyo daga kudu maso yamma sai 26. Kano nata babban titin 06/24 ne, Kaduna 05/23, in ka lura duk sun kwanta ne a kan layin iskokin nan biyu da muke da su a shekara, waɗanda suka shimfiɗa su ba da ka suka yi ba.

Na cike takardar tsarin tafiya na miƙa, ana so ta shiga aƙalla awa ɗaya kafin tashi. Ni na so mu fita tun bakwai da rabi, Kyaftin yace a'a sai goma saura. Na tambayi dalili yace titi 08 ina yake kallo, nace gabas, yace to ka sauka ƙarfe tara kana fuskantar rana a cikin hazo ka gani in za ka ga titin, gilashin gabanka fari fat zai koma kamar an watsa masa koko. Bari ta hau tsakiya tukuna. Wannan ba ya cikin METAR ba ya cikin NOTAM, a bakin wanda ya daɗe yana yi kawai ake samunsa.

Muka tashi, muka hau ƙafa 6500, muka bi ta Funtuwa muka nufi Gusau muna riƙe da titin mota da layin dogo a matsayin alama. Abin da ban taɓa ji a jikina ba sai ranar shi ne yadda hazo ke cinye iyakar sama da ƙasa. In na leƙa ƙasa ta gefen fiffike ina ganin komai tsaf, gonaki da aka girbe, garken shanu, rufin kwano na walƙiya, amma in na ɗaga kai na kalli gaba babu komai sai launin toka mai ja ja, ba ka san inda ƙasa ta ƙare sama ta fara ba. Can wajen Gusau na ji a jikina kamar jirgin ya karkata dama, na fara gyarawa hagu, Kyaftin ya ƙwanƙwasa gilashin na'urar da ke nuna daidaiton fiffike da ɗan yatsa bai ce komai ba. Na duba, ashe daidai muke tafiya tun farko, ni ne nake neman karkatar da mu. Kunnen ciki ke yi wa mutum wannan ƙaryar in ido ya rasa abin kamawa, mun karanta a aji, amma karatu daban jin sa a ƙashin bayanka daban. Daga nan na dinga raba ido, waje kaɗan na'ura kaɗan. Ruwan dam ɗin Bakolori da ya ɓullo mana kusa da Talatar Mafara, wallahi kamar na ga ɗan'uwa, don ya tabbatar min lissafina daidai ne kuma saura kaɗan.

Da muka matso na kira hasumiyar Sokoto a rediyo. A manyan filaye irin Legas akwai tasha ta musamman da ke maimaita bayanin fili a naɗe dare da rana kana kamawa ka saurara, mu dai ranar mai hasumiya ne ya karanto min da bakinsa: titi 08, iska daga 050 not 14, gani kilomita 7 cikin hazo, zafi 27, QNH 1012. Ƙa'ida ce ka maimaita masa titi da QNH ya ji da kunnensa. Na maimaita, sai na ji ya dawo da sauri yana cewa a'a, wan ziro wan tu, sake faɗa. Ashe wan ziro tu wan na ce, 1021, kuma har na fara murɗa shi a altimita, na'urar da ke nuna tsayin da jirgi yake. Na gyara na sake faɗa yace daidai.

Bari in tsaya a nan kaɗan don wannan ƙaramar lambar ita ce ta fi ba ni tsoro a duk tafiyar. Altimita ba ta auna nisanka da ƙasa, nauyin iska take aunawa ta juya shi zuwa ƙafa, kuma nauyin iska yana canzawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa rana. QNH shi ne lambar da za ka saka mata don ta faɗi gaskiya a wannan filin a wannan lokacin. Kowane ɗigo ɗaya kusan ƙafa 27 ne zuwa 30, kenan tara ɗin da na ƙara ya kai wajen ƙafa 250, kuma ta mugun ɓangaren, allura za ta ce min ina sama alhali na fi haka kusa da ƙasa. Da rana tsaka ina ganin ƙasa da ido ƙila in lura, amma ka ɗauka dare ne ko ganin ya sauka mita 1000 ga eriyar waya a hanya. Kyaftin ya ji kuskuren tun kafin mai hasumiya ya yi magana, daga baya yace min ya yi shiru ne ya ga ko tsarin zai kama ni, in bai kama ba shi zai kama. Tun ranar ba na karɓar QNH ban rubuta shi a takardar da ke kan cinyata ba kafin in buɗe baki.

Sauran lissafin a ka ake yinsa. Titi na kallon 80, iska daga 50, bambanci digiri 30, a digiri 30 rabin iskar ne ke bugunka ta gefe, kenan not 7 daga hagu, wannan ba komai ba ne ko ga ɗalibi. Titin bai fito min ba sai da muka zo kamar kilomita 5, wani dogon baƙin layi a cikin jar ƙasa, sannan na hango fitilun nan huɗu na gefen titi, biyu fari biyu ja, alamar gangarowata daidai take, in fari ya yi yawa ka yi sama da yawa in ja ya yi yawa ka yi ƙasa. Ga kuma jakar iska mai ruwan lemo a kan sandarta ta kusa miƙewa gaba ɗaya, ita in ta miƙe sak iska ta kai not 15, na ji daɗi don abin da ido ya gani ya yi daidai da abin da aka faɗa min. Na ɗan kwantar da fiffiken hagu na taka fedar dama mai juya wutsiyar jirgi, taya ta taɓa, alhamdu lillahi.

Bayan mun kashe inji Kyaftin yace kafin ka nemi abinci zo ka ga inda lambobinka ke fitowa. Ya kai ni ofishin yanayi na filin, muka samu wani dattijo da furfura a gemu da hula zanna ta sha wanki, suka gaisa kamar sun saba, ya dube ni yace kai ne kat taho daga Zariya, nace ni ne Baba, yace sannu da hanya ɗiyana, kwana ukun nan ai mu munka hana ka tahowa. Ya fita da ni bayan ofis inda aka kewaye wani fili da waya, ga farin akwatin katako mai tagogi tsaye a kan ƙafafu inda ma'aunin zafi ke ciki don kada rana ta taɓa shi kai tsaye, ga dogon ƙarfe mita 10 da kofuna uku na juyawa a samansa. Yace iskar da ake rubutawa a METAR matsakaicin minti goma ce, wadda hasumiya ke ba mai sauka kuma ta minti biyu, shi ya sa wani lokaci za ka ga sun ɗan saɓa. Amma abin da ya tsaya min a rai wata takarda ce da aka manna a bango ta yi ja don tsufa, an zana da'ira a kanta da filin a tsakiya, an rubuta abubuwa a kewaye da nisan kowanne, tankin ruwa mita kaza, wani gini mita kaza, eriya kilomita kaza. Yace ko da na'ura na nan, kowace awa sai ya fito da kansa ya juya gabas da yamma kudu da arewa ya ga wanne ne ke ganuwa wanne ya ɓace, in kuma abu ya canza farat ɗaya ba ya jiran awa ta cika, rahoto na musamman yake fitarwa nan take. Nace Baba ido kawai? Yace ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, shekara ashirin da wani abu ina kallon tankin nan, in ya fara dushewa na san nawa ne.

Kenan 0800 ɗin da ta maida ni ɗaki ranar farko, wani mutum ne ya fito cikin sanyin safiya ya tsaya ya nemi tankinsa ya rasa ya koma ya rubuta abin da ya gani. Yace min akwai ranar da za ka ga fasinja cike da ɗaki, da manyan mutane a ciki, kowa na son a ce gari ya buɗe, kai kuma 900 kake gani, to 900 ɗin za ka rubuta. Sai ya kawo zancen 29 ga Oktoban 2006, jirgin da ya taso daga Abuja zai zo nan Sokoto ya faɗi jim kaɗan da tashi cikin iskar hadari mai juyawa, mutum 96 suka rasu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Yace duk wanda ke Sakkwato a ranar ba a yi masa wa'azi a kan iska. Kyaftin ya ƙara da cewa ni hunturu kawai na gani, in dawo a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura 40, iska ta yi sirara inji ya rasa ƙarfi fiffike ya rasa abin riƙewa, filin da ke ƙafa dubu jirgi ya dinga jin sa kamar yana ƙafa dubu huɗu da ɗari biyar, titin da kake ganin ya yi maka yawa sai ka ga kana cinye shi. Ya tuna mana da jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano a Mayun 2002 da tsakar rana, wanda ya cinye titi kaf bai gama samun gudun tashi ba, kuma zafin ranar na cikin abin da bincike ya ambata.

Muka yi sallar azahar muka ci abinci, niyyarmu mu juya ƙarfe uku. Wajen biyu da rabi na lura rana ta koma kamar farin faranti, kana iya kallonta ido da ido ba ta kashe maka ido ba. Baba ya fito da ɗan littafinsa ya tsaya a inda ya saba tsayawa, na bi shi na tsaya a gefensa, yace to ɗiyana gwada, mi kaka gani. Na nemi eriyar da na gani da muka iso, babu ita, ginin yana nan amma dishi dishi. Nace kamar 4000 Baba. Ya ƙara dubawa ya juya arewa ya daɗe yace 3000, kuma sauka takai. Ya shiga ya aika, minti kaɗan sai ga shi a takardar da aka miƙo wa Kyaftin, abin da aka ce sai bayan la'asar ya riga lokacinsa da awa biyu. Kyaftin ya ninke takardar ya saka a aljihu ya kira Zariya ya gaya musu, sannan yace min je ka ɗauko igiyoyi mu ɗaure jirgin a rufe masa hancin inji da bututun auna gudu kada ƙura ta shiga, yau a Sokoto za mu kwana.